Farin Gicciye a Filin Jirgin Chizimya

A Chizimya babu wanda ya taɓa naɗa Yotamu Chavula kyaftin. Shi ya naɗa kansa, a shekarar da ya tsinci wata tsohuwar hular matuƙa jirgi a cikin akwatin da Likita Garo ya bari. Mutanen gari sun yi musu da shi har suka gaji, daga baya suka bar masa sunan, yadda ake bar wa mahaukaci tsummansa.

A zamanin da Likita Garo yake sauka da ƙaramin jirginsa a filin ciyawar da ke bayan majami'ar Andarawus, aikin Yotamu shi ne ya kai butar shayi gindin fiffike, ya tsaya har likita ya shanye, ya koma da kofi. Sau ɗaya ya taɓa tashi sama, shi ma a kwance, ranar da ƙaba ta murɗe masa aka kai shi asibitin birni yana kiran sunan uwarsa. Amma a bakinsa labarin ya yi ƙiba. Wai shi ya riƙe sitiyari a kan tsaunukan Nyika likita yana gyangyaɗi, wai har ya taɓa kauce wa gaggafa da hannu ɗaya.

Da likita ya mutu, jirgi ya daina zuwa, Yotamu ya gaji rumfar kwanon da jirgin yake kwana a ciki. Ya tara farfela mai tsagewa, da taya ɗaya, da kujerar matuƙi wadda ɓeraye suka gama da audugarta, da rediyo mara hanji, da hotunan da rana ta cinye fuskokin mutanen ciki. Ya kafa allo a ƙofa: Gidan Tarihin Jiragen Sama. Baƙinsa 'yan makaranta ne in ruwa ya tare su a hanya, sai kuma awaki, waɗanda ba sa jiran ruwa.

Rabon da jirgi ya sauka a filin, jariran da aka haifa a shekarar sun aurar da 'ya'yansu. Gari ya cika, gonaki sun yi kaɗan, ga fili shimfiɗe babu abin da yake haifarwa sai ciyawa da labaran Yotamu. Don haka mai gari Njikho ya yanke cewa da ruwan farko za a raba shi gonaki, a sa injin niƙa a rumfar, farfela kuwa mai ita ya san inda zai kai ta.

Ana cikin haka wayar fasto ta yi ƙara. Wata ƙungiyar likitoci masu yawo da jirgi tana so ta dawo da sauka a ƙauyukan da mota ba ta kaiwa da damina, kuma matuƙiyarsu, Tiwonge Msowoya, za ta zo ran Asabar ta gwada filin. Mai gari ya saurara, ya tauna maganar, sannan ya ce a gaban dattawa, "In tayar jirgi ta taɓa ƙasar nan, fili na jirgi ne. In ba ta taɓa ba, garma za ta taɓa."

Yotamu ya ce a ɗauka ma jirgi ya riga ya sauka. Da matuƙiyar ta sake kira don ta bi abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, ya karɓe wayar daga hannun fasto. Ta samu ta ce a rage ciyawa, a kori dabbobi, a rataya safar iska, wato doguwar jakar yadin nan da ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Tana shirin ci gaba ya katse ta. Ya sanar da ita cewa yana karɓar jirage tun kafin a yaye uwarta, saboda haka ta adana sauran karatun don ɗalibai. Ta ce to, Dada, wato Baba a yarensu, ta kashe.

Dattawa suka ce a fito da matasa da lauje da adda. Yotamu ya yi dariyar tausayi. Lauje aikin masu gonar wake ne, in ji shi, a manyan filaye da wuta ake aski. Matarsa NyaKayira, wadda take shugabar zumuntar mata kuma ta daina mamakinsa tun haihuwar fari, ta tuna masa cewa watan zafi ake ciki, ciyawa ta bushe ƙayau. Ya amsa cewa shi da iska sun san juna.

Iskar ba ta gane shi ba. Ya ƙyasta ashana ta gabas, wuta ta nufi yamma kamar yadda ya ce, ta cinye filin, sannan ta ga ba ta ƙoshi ba. Ta haye sandar da tsohuwar safar iska take rataye, ta lashe su duka. Ta tsallaka ta kama bayan gidan fasto, wanda Ubangiji ya sa ya fito ke nan. Daga nan ta zarce gidan Efraimu Kayira, tela, yayan NyaKayira, ta tashi ɗakin tantabarunsa.

Efraimu ya zo da gasasshiyar tantabara a hannu, ya ɗaga ta a gaban hancin Yotamu, ya kira shi Mulamu, yadda mutum da mijin ƙanwarsa suke kiran juna a can.

"Mulamu, wannan ita ce jirgin farko da ka saukar?"

"Asarar yaƙi ce, Mulamu. Duk babban aiki yana da ita."

"Babban aikinka na farko ƙanwata ce asararsa. Yanzu ka zo kan tsuntsaye."

Yotamu ya ce tela ba zai gane harkar sama ba, tunda rayuwarsa duka a sunkuye ya yi ta. Efraimu ya ce gara sunkuyo a kan keke da sunkuyo da butar shayi. Masu kashe wuta suka ajiye bokitai don su yi dariya da kyau.

Abin da Yotamu ya manta, alhali jaririn Chizimya ma ya sani, shi ne in an ƙona daji ɓerayen gona ba su da mafaka. Kafin toka ta huce, duk mai fartanya a garin ya sauka filin. Aka yi ta tono, ana ciro ɓeraye ana tsirewa a tsinke, har daga ƙauyukan ƙetaren rafi aka zo. Washegari filin jirgi ya koma kamar fuskar mai zanzana. Yotamu ya bi yana ihu cewa wannan ƙasa ce ta hukumar sama, wani tsoho ya miƙa masa tsinke ɗaya ya ce ya kai wa hukumar. Sai da mai gari ya sa baki aka cike ramukan, aka daddaɓe, kuma da lauje da addar da aka raina aka gyara gefen da wuta ta tsallake.

Saura safar iska. Tela ɗaya ne a garin, don haka Yotamu ya haɗiye girman kai ya tafi shagon surukinsa. Efraimu ya tambaye shi fasali da awo. Yotamu bai taɓa kallon tsohuwar da kyau ba, ko da yake ta shekara da shekaru tana kaɗawa a kansa, sai ya ce safa dai, kamar ta ƙafa, amma ta ƙato. Efraimu ya sake tambaya ko ya tabbata. Yotamu ya ce shi ba ya maimaita umarni.

Abin da aka kawo safa ce ta gaske. Da yadin katifa aka ɗinka ta, da dunduniyarta, da bakin yatsu a rufe ruf. Ko rashin sani ne ko fansar tantabaru, har yau Efraimu bai faɗa ba. Aka kafa sabuwar sanda aka rataya ta, ta sauko ta lanƙwashe kamar akuyar da aka feɗe. Iska ta zo ta wuce, ko gezau. NyaKayira ta ce ita dai a saninta tsohuwar a buɗe take ta kowane gefe. Yotamu ya ce wancan tsohon yayi ne, a ƙasashen da suka ci gaba yanzu da dunduniya ake yi.

Ran jajibere ya tsaya a bakin rumfa ya dubi filinsa, baƙi ƙirin daga wannan kai zuwa wancan, sai babbar dabarar ta sauko masa. A Chizimya ba a karɓar babban baƙo ba tare da alamar majami'a ba. In shugaban majami'u zai zo, ana zana ta a ƙofar gari da farar ƙasa, in amarya ce a ƙofar gida. Alamar kuwa ita ce gicciyen Andarawus, fari, a karkace, hannuwansa sun haɗu a tsakiya kamar almakashi a buɗe, yadda yake a jikin ƙofar majami'ar tun zuwan masu mishan. Baƙon da zai zo ta sama, ai a ƙasa ya kamata a zana masa, da girman da zai gani tun daga gajimare.

Fasto ya ji daɗin shawarar, ya ce shaida ce. Dattawa suka ce wannan karon kam Chavula ya yi tunani. Aka kwashe farar ƙasar da aka tanada don shafen majami'a, aka zuba ta a kan filin ta gabas, hannu biyu masu faɗin ƙofar ɗaki. A kan baƙar toka gicciyen ya fito yana ɗaukar ido. Yotamu ya hau tsani ya duba, ya ce ko makaho ne ke tuƙi sai ya gani.

Ran Asabar gari ya fito kaf. An yanka akuya, ana tuƙa tuwon masara a manyan tukwane bayan rumfa. 'Yan zumuntar mata sun jeru a gefen fili cikin fararen riguna da fararen ɗankwalaye, wankakku, gogaggu, waɗanda ba a sa su sai ranar jibin Ubangiji da ranar jana'iza. An jona lasifikar majami'a da batirin mota. Mai gari yana kan kujerarsa a inuwa. Yotamu yana kai da kawowa da hula a ka da tutoci biyu da aka yanka daga tsohon labule, yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa cewa da ƙarar inji kawai yake gane shekarun jirgi.

Sau biyu ya ce ga shi nan, sau biyun babur ne. Na uku wata tsohuwa ce ta fara nunawa da sanda.

Jirgin ya fito ta bayan tsauni, ƙarami, fari da ratsin shuɗi. Mata suka ɗauki waƙa. Tsofaffin da suka san zamanin likita suka miƙe tsaye, wasu suna share ido, domin akwai waɗanda ƙarar nan ce ta taɓa ceton matansu a kan gwiwa. Jirgin ya sauko, ya daidaita da filin, har ana ganin tayoyinsa. Sai ya ɗaga hanci ya wuce ta kan majami'a.

Mai gari ya dubi Yotamu. Yotamu ya ce gaisuwa ce, haka ake yi wa babban fili, shi da likita ma sun sha yi.

Jirgin ya zagayo, ya bi tsawon filin a hankali, ƙasa ƙasa, ya karkata fiffike kamar mai leƙen rijiya, ya sake hawa. Efraimu ya ce wannan gaisuwa ta fara yawa, ko surukai ba a yi musu haka. Yotamu ya ce matsalar a bayyane take ga mai ilimi: yarinyar tana so ta sauko ta yamma, can kuwa babu alama, ba ta san ana maraba da ita ta wannan gefen ba. Farar ƙasa ta ƙare, don haka ya aika a kwaso zannuwan gado na ɗakin baƙin mishan, da mayafin teburin majami'a, da labulen fasto. Aka ruga aka shimfiɗa gicciye na biyu a ɗaya kan filin, aka danne da duwatsu. Inda yadi bai kai ba aka cike da garin tuwon baƙi.

Jirgin ya dawo ya ga gicciye biyu. Ya yi sama sosai, ya shiga kewaya garin kamar shirwa.

"Kyaftin," in ji mai gari, kuma wannan ne karo na farko da ya kira shi da sunan, "me take jira?"

"Idonta ne, ranka ya daɗe. Matuƙan yanzu da tabarau ake yaye su. Sai an ƙara mata haske."

Ya juya kan zumuntar mata. Ya ce su shiga tsakiyar fili su yi gicciye na uku da jikinsu, in jirgi ya sunkuyo sai su watse. NyaKayira ta ce ba da rigar jibin Ubangiji za ta shiga toka ba. Yotamu ya ce ashe bangaskiyarta ba ta kai kuɗin sabulu ba, kuma in jirgi ya juya, gari ya san wadda ta kore shi. Fasto ya sa baki da ayar da ta dace. Matan suka shiga, toka tana tashi har gwiwa, suka jeru a karkace hannu biyu. Yotamu ya ce a tsaye ba a ganinsu da kyau daga sama, su kwanta. Suka dubi NyaKayira. Ta dubi mijinta, irin kallon da ake ajiye bayaninsa sai an koma gida, ta kwanta. Sauran suka bi, har da matar mai gari, suna ci gaba da waƙa a rigingine.

Yotamu ya tsaya a inda hannuwan suka haɗu yana kaɗa tutoci. Jirgin ya sauko sau ɗaya, ya wuce ta kansu, iskarsa ta kwashi toka ta juye a kan masu waƙa. Ya kaɗa fiffike hagu da dama, ya miƙe ya nufi tsaunin da ya fito, ya ƙanƙance, ya ɓace.

Yotamu ya ce mai ta tafi sha.

Aka zauna jira. Matan suka tashi kamar waɗanda aka tono, babu mai gane matarsa sai ta murya. Naman akuya ya huce, abin da ya rage na tuwo ya sandare. Rana ta karkata kafin wayar fasto ta yi ƙara. Yotamu ya fizge ta, ya ce a kara ta a bakin lasifika, don gari ya ji da kunnensa yadda ma'aikatan sama suke magana da junansu, kuma ya ji yarinya tana ba da haƙuri.

Muryar Tiwonge Msowoya ta fito har bakin rafi. Ta gaishe da mai gari da fasto, sannan ta ce, "Dada Chavula, me ya samu filin?"

"Babu abin da ya same shi, 'yata, sai kyau. Ba ki ga gicciye ba?"

"Na gani. Shi ya sa ban sauka ba."

"To ai maraba ce."

"Dada, farin gicciye a kan filin jirgi ma'anarsa an rufe filin, kada kowa ya kuskura ya sauka. Na zagaya ko kuskure ne za ku ɗauke, sai kuka ƙara na biyu. Da na ga kun kwantar da mutane kun yi na uku, na ce lallai abin da ke filin nan ba ƙarami ba ne."

Yotamu ya gyara hula, ya ce wannan sabuwar doka ce ta 'yan zamani, a lokacinsu ba haka ba ne.

"Tun kafin Likita Garo ya koyi tuƙi haka yake, Dada. Yana cikin abin da na so in bi da ku a waya, ka ce in adana wa ɗalibai." Sannan ta ƙara da cewa, "Wani abu kuma, wane ne ya rataye kansa a jikin sanda?"

Efraimu ne ya fara dariya, ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki, daga nan dariyar ta bi taron kamar wutar ranar nan. Mai gari kaɗai bai yi ba. Ya karɓi wayar ya tambaya ko za ta iya dawowa gobe, a share komai yau. Ta ce jirgin ɗaya ne, daga gobe yana kudu har bayan damina, kuma ƙauyukan da ke jiran a gwada nasu filin suna da yawa, sai dai in an sake zagayowa. Mai gari ya yi godiya, ya mayar wa fasto wayarsa, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ce shi magana ɗaya ya yi, taya ba ta taɓa ba.

Ruwan farko ya sauka cikin makon. Aka shiga da shanu da garma, aka raba fili, kowa ya kafa turakunsa. Injin niƙa ya tare a rumfa, farfela da kujera suka koma bayan ɗakin Yotamu, kaji suna kwana a kai. Masu naƙuda da damina har yanzu a kan keke ake tura su zuwa bakin titi, wasu suna kaiwa.

Shi kuwa Yotamu, zumuntar mata ta yanke masa hukuncin wanke rigunan da ya ɓata, duka, a bakin rafi, inda kowa yake wucewa. A nan Efraimu ya same shi, kumfa har gwiwar hannu, ya tara masu ɗiban ruwa yana yi musu bayani. A duk lardin nan, in ji shi, a nuna masa mutum ɗaya da ya taɓa tsayawa a ƙasa ya ba jirgi umarni ya koma, jirgin kuma ya bi.

"Gaskiya ne, Mulamu," in ji Efraimu. "Tunda abin da ke sama yana jin maganarka, ga sabuwar gonata can a tsakiyar fili, hankaki sun hana irin masara zama. Gobe ka zo ka tsaya a ciki ka buɗe hannuwa."

Ya kuwa je. Ba a taɓa ba shi aikin da ya shafi sama ya ƙi ba.